Ranar da Ƙoƙon Don Heber Ya Sha Sukari

Kiyashi uku ne ke zagaya bakin ƙoƙon, ɗaya na bin ɗaya cikin natsuwa kamar masu tafiya wurin aiki. Nilda ta gan su tana ɗaure igiyar takalmi, ta kau da kai ta ci gaba da ɗaurinta. Sai da ta kai ga takalmi na biyu hannunta ya tsaya. Kiyashi ba ya bin ɗaci. Tun tana 'yar shekara goma take shan mate, ganyen shayin ƙasarsu mai ɗaci da ake zuƙa da bututu daga ƙoƙo, ba ta taɓa ganin kiyashi ya kula ƙoƙon da ake shan ganye zalla a cikinsa ba.

Ta ɗauko ƙoƙon daga bakin tagar kicin ta shinshina. Ƙamshin ɓawon lemo. Ta lakato cikinsa da ɗan yatsa ta kai baki, ta ji zaƙi.

Goggonta Chela, wadda ta zo daga Paysandú don ta yi mata mako guda, tana zaune gefen murhu cikin bargo biyu, idanu kawai a waje.

"Goggo, in na tafi makaranta, a wane ƙoƙo kike shan mate?"

"A wannan ɗan baƙin mana. Naki na tangaran ne, ba ya riƙe ɗumi, mutum ya ji kamar yana kwance a asibiti. Wannan kuwa, 'yar nan, wanda ya gyara shi ya san hannunsa."

"Da sukari?"

"Cokali biyu kacal. Uku in rana ba ta fito ba."

Rana ba ta fito ba tun Litinin.

Ƙoƙon na Don Heber ne, tsohon direban bas da ke jagorantar gudunsu na hawan dutse kowace Asabar. Gadon mahaifinsa ne, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, an naɗe bakinsa da azurfa. Ko a gida ba ya shan mate a cikinsa, na kan dutse ne kawai. Makon jiya ya manta shi a motar Nilda, ya kuma wuce Montevideo ganin jika, sai ya bugo mata waya da sharuɗɗa: kada ta wanke da sabulu, kada ta kife shi, kada ta bar shi a inuwa. Bai ambaci sukari ba, kamar yadda ba a ce wa mai hankali kada ya sa hannu a wuta. Kowa ya sani, ƙoƙon da ya taɓa shan sukari ya sha ke nan. Jikin duman ne ke tsotse zaƙin, ya riƙa dawo da shi a kowane zubi har ranar da ƙoƙon zai fashe.

Wata bakwai ke nan da aka turo Nilda koyarwa a Minas, kuma in aka cire ɗalibanta da mai sayar da burodi, mutum uku ta sani a garin, abokan gudunta. Wata biyu ta yi tana gudu a bayansu da tazarar taku ashirin, ta kasa ko gaisuwa, har ranar da Don Heber ya miƙo mata wannan ƙoƙon a kan dutse ba tare da ya tambayi sunanta ba. Daga ranar ta samu inda take zuwa ran Asabar. Amma ta ji labarin wani Walter da ya yi shekara shida yana gudu da su, wata rana ya juya bututun zuƙa a cikin ganye kamar mai dama kunu. Don Heber bai yi masa faɗa ba. Ya dai daina miƙa masa ƙoƙo, ƙoƙon ya riƙa tsallake shi a zagaye, har Walter ya gane ya koma hawan keke.

A mota dabara ta zo mata. Dokarsu ita ce, wanda ya riga kowa isa kan dutse shi ke haɗa mate, shi ne kuma ke shanye zubin farko kafin ya miƙa wa wani. In ta riga su da minti biyar, za ta iya ɗura zubi biyar ko shida ita kaɗai, ta kwashe zaƙin sama, ta bar ɗacin sabon ganye ya rufe sauran. Matsalar ɗaya ce. Tun da ta fara gudun nan ba ta taɓa zuwa ko ta uku ba.

A gindin dutsen Verdún raɓa ta daskare a kan ciyawa, fili ya yi fari kamar an watsa gishiri. Sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, yana shiga ta haƙori. Su ukun suna tsaye jikin shinge, tururi na fita daga bakinsu. Zulma, ma'aikaciyar jinya, siririya kamar tsinke, tana ta tsalle a wuri ɗaya, ita ce ke zuwa ta farko tun kafin Nilda ta san akwai dutsen. Yamandú, wanda kowa ke kira Tulu, ya saka riguna huɗu da hula biyu, da fulas ɗin ruwan zafi a hammata. Don Heber kuwa gajeren wandonsa ne na kullum, ƙafafunsa sun yi ja kamar an yanka kankana.

"Malama ta iso," in ji Yamandú. "Mun ɗauka bargo ya ci ki da yaƙi."

Don Heber ya miƙo hannu. "Ina ɗana?"

Nilda ta dafe jakar da ke bayanta. "Yana nan lafiya, Don Heber. Bari in kai shi sama da kaina, tunda ni na yi renonsa." Ta juya ga Yamandú kafin kunya ta kama ta. "Kawo fulas ɗin ma."

"Ni in yi gudu ba fulas? Ai sai in karkace. Shekara goma sha biyar hannun nan bai san miƙewa ba."

"Ba ta, Tulu," in ji Zulma. "Ko ma ga yadda kake in an sauke maka kaya."

Ya miƙa mata yana ƙunƙuni, hannunsa na hagu ya ci gaba da zama a lanƙwashe kamar fulas ɗin yana nan.

Suka tashi. Ko taku ɗari ba a yi ba Zulma ta ba su rata, gashinta na lilo a baya. Nilda ta san in ta bar ta ta sha kwanar farko, shi ke nan. Ta san kuma abu biyu da ta lura da su a watannin da ta yi tana bin bayansu shiru: Yamandú ba ya iya jin an ambaci gwiwarsa ya yi shiru, Zulma kuma ba ta iya jin ana faɗin maganin banza ta wuce.

"Tulu, yaya gwiwar?" ta tambaya da ƙarfi, muryarta har ta ba ta tsoro.

"Kin ga, ke kaɗai ce mai tausayi a nan. Ai na samu magani. Matar ƙanena ta ce in ɗaura ganyen kabeji da man birki, in kwana da shi."

Can gaba Zulma ta ja birki. Ta juyo a hankali.

"Man me?"

"Man birki. Ɗan kaɗan."

"Naɗe wandon in gani."

"Wanne daga ciki? Uku ne."

Nilda ta wuce su Zulma na durƙushe tana ɓare Yamandú kamar albasa, Don Heber na tsaye a kansu yana cewa shi a zamaninsa man giyar mota ake sawa. Ta sunkuyar da kai ta zuba gudu, fulas a hammata, ƙoƙo na bugun bayanta.

A kwanar hanya ta farko da ta biyu ta ji kamar an haife ta don wannan. A ta uku ƙirjinta ya fara kukan tsohuwar ƙofa. Iska mai sanyi tana yanka maƙogwaro, hanci na zuba, ba hannun sharewa. Hanyar tana nannaɗe dutsen kamar maciji, ga kuma wata 'yar siririyar hanyar shanu da ta miƙe sama kai tsaye ta cikin makiyaya. Ta tura fulas ta ƙarƙashin wayar shinge, ta bi shi da rarrafe. Ciyawar da ta daskare tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Taku uku gaba, biyu baya. A tsakiyar hanya wata jar saniya na kwance tana tuƙa, tururi na tashi daga bayanta.

"Don Allah," in ji Nilda.

Saniyar ta dube ta, ta dubi fulas, ta ci gaba da tuƙarta. Nilda ta zagaye ta ta cikin ƙaya, ta taka wani abu mai ɗumi wanda ba ta tsaya dubawa ba, ta sake rarrafawa ta ƙarƙashin waya ta faɗo kan babbar hanya. Da ta waiga, sai ta ga kwanar hanya ɗaya tal ta yanke. Wata tsohuwa mai baƙin mayafi, da carbi a hannu, wadda Nilda ta wuce tun a ƙasa, ta zo ta gifta ta tana tafiyarta a hankali.

"Sannu, 'yata. Ba gudu ake zuwa wurin Uwa Maryamu ba, tana nan ba inda za ta."

Nilda ta sake wuce ta. Yanzu ba gudu take ba, wani abu ne tsakanin tafiya da faɗuwa. Ta fara hango farin mutum-mutumin Maryamu a ƙololuwa lokacin da ta ji takun da take tsoro a bayanta, mara nauyi, mai tsari, kamar ɗigar famfo.

Zulma ta zo daidai kafaɗarta, ko haki ba ta yi. Ta dube ta sama da ƙasa: fuska ja, ƙaya a gashi, takalmi ɗaya kore.

"Malama, me ya koro ki? Abin da ya sa ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi."

Nilda ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta ɗaga hannu ta nuna sama, tana nufin a bar ta ta isa. Zulma ta bi yatsan da ido har kan mutum-mutumin, sai fuskarta ta sauya.

"Alwashi kika yi mata?" ta tambaya ƙasa-ƙasa. "Cewa za ki riga kowa?"

Kan Nilda yana sama yana ƙasa saboda haki. Zulma ta ɗauke shi a matsayin amsa.

"Ai da kin faɗa. Uwata ta hau dutsen nan ba takalmi saboda jarrabawata, ba ni zan shiga tsakaninki da ita ba. Miji kike roƙo? Kada ki faɗa, in an faɗa ba ya karɓuwa. Malamin lissafin nan ne mai gemu?"

Ta koma bayanta, ta dafa tafin hannu biyu a kan jakar, ta shiga tura ta kamar motar da ta ƙi tashi. Haka suka hau sauran tudun, Zulma na lissafa mazan Minas da ba su da aure tare da cututtukan kowannensu, Nilda na jin ƙoƙon yana matsuwa tsakanin bayanta da hannun Zulma. Saura taku uku Zulma ta sake ta, ta ja baya da ladabi. Nilda ta taɓa bangon dakalin da ke gindin mutum-mutumin ta zube.

"Je ki ki gode mata," in ji Zulma.

"Ke... fara zuwa. Ki gode... a madadina."

Da Zulma ta ba da baya, Nilda ta zazzage ganye a ƙoƙo, ta cika shi fiye da ƙa'ida, ta rufe da tafi ta girgiza, ta kafa bututu, ta tsiyaya ruwa. Zubin farko ya ƙona mata harshe. Ɗaci ne mai kyau, sai a can ƙarshe, bayan ta haɗiye, wani ɗan zaƙi ya leƙo kamar maƙwabciya ta kan katanga. Ta sake zubawa. Ta sake. A na huɗu idanunta na hawaye, a na shida cikinta na ƙugi kamar tulu a kan jaki, harshenta kuma ya mutu, ba ta jin ɗaci ba ta jin zaƙi. Ta ɗauki hakan a matsayin nasara.

Don Heber ya iso yana taku ɗai-ɗai, Yamandú a bayansa, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Suka tsaya suna kallon Nilda zaune a mazaunin mai zubi.

"Alwashi ne," in ji Zulma. "Kada wanda ya tambaye ta. Mai gemu ne."

Suka zauna a kan dakali suna fuskantar gari. Hazo ya kwanta a kwari, rufin gidajen Minas na leƙowa ta cikinsa, hayaƙin murhu na tashi a miƙe. Rana ta fito a karon farko cikin mako, ba ɗumi, haske kawai. Nilda ta zuba ta miƙa dama, bututu na kallon mai karɓa.

Zulma ta zuƙa. Ta tsaya. Ta sake zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara, ta mayar, girarta ɗaya ta ɗaga ta ƙi sauka.

Yamandú ya zuƙa, ya lumshe ido, ya tauna bakinsa.

"Wannan ya tuna mini da kakata," ya ce. "Har da lemo."

Ya buɗe ido ya dubi Zulma. Zulma ta dube shi. Sai su biyun suka juya, ba wajen Nilda ba, wajen Don Heber.

"Tsoho," in ji Yamandú a hankali, murna na cika masa fuska. "Ashe haka ne."

"Haka ne me?"

"Shekara goma sha biyar kana mana wa'azi. Mate mai zaƙi na jarirai ne da masu ciwon haƙori. Ka kore ni daga motarka a hanyar Rocha saboda ƙwayar alewa ɗaya a bakina. Ashe in an rufe ƙofa, cokali kake ɗauka."

"Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne," in ji Zulma, da muryar da take faɗa wa majinyata sakamakon gwaji. "Ya shiga jikin duman sosai. Don Heber, ba abin kunya ba ne. Da yawa in shekaru suka ja, baki yakan nemi zaƙi."

"Har da ɓawon lemo, Zulma. Ɓawon lemo. Saura ya saka mayafi ya riƙa saƙa."

Don Heber ya gyara zama. Ya miƙa hannu, Nilda ta zuba ta ba shi. Ya zuƙa sau ɗaya. Ya riƙe ruwan a baki ya daɗe, yana kallon kwari, sannan ya haɗiye. Kunnuwansa da sanyi ya riga ya jajanta suka ƙara ja. Ya san a hannun wa ƙoƙon ya kwana bakwai, Nilda ta ga ya sani, amma ko kallon inda take bai yi ba. Ya zauna yana shan tsiyar Yamandú, wanda ya kai ga shirya yadda zai ba da labarin a shagon aski.

Ita ba ta yi wannan lissafin ba. Ta yi ta tunanin yadda za ta ɓoye zaƙin, ba ta yi tunanin kan wa zai faɗa in ya fito ba. Abin da ake so kawai ta yi shiru, shiru kuwa shi ne abin da ta fi iyawa a duniya.

"Goggona ce," ta ce.

Ba wanda ya ji. Yamandú na kwaikwayon yadda Don Heber zai riƙe cokali da ɗan ƙaramin yatsa a ɗage.

"Goggona ce ta sha a ciki," ta sake faɗa, wannan karon har tsohuwa mai carbi da ta iso ta waigo. "Kwana biyar. Cokali uku-uku. Na bar shi a taga, ban gaya mata ba, laifina ne. Yau da safe na gane. Kuma ba alwashin da na yi, so nake in riga ku in shanye zaƙin. Ban ma san malamin lissafi yana da gemu ba."

Iska ta kaɗa busassun furannin da ke gindin mutum-mutumin.

"Wato na tura ki rabin dutse a banza," in ji Zulma.

"Wato gwiwata ma ba ta dame ki ba," in ji Yamandú, kuma shi da gaske abin ya taɓa shi.

Nilda na kallon Don Heber kawai. Ya juya ƙoƙon a tafinsa, ya shafa azurfar bakin da babban yatsa.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce. "Tun muna amarci matata Mirta ke roƙona ta sha nata mai zaƙi a cikinsa, sau ɗaya tak. Na ɓoye shi a saman kabad, na ɓoye shi a cikin bas, na taɓa kai shi ajiya gidan ƙanwata. Yau ga shi ta ci yaƙin tana kwance a gado, ba ta ma san an gwabza ba." Ya numfasa. "Goggon nan taki, zubi nawa take yi kafin ta sauya ganye?"

"Har sai fulas ya ƙare."

"Ta san abu mai kyau." Ya ɗago ya dube ta a karon farko. "Akwai sabon duma a gida, ɗanye, ko ruwa bai taɓa gani ba. Gobe ki zo ki ɗauka. Ke za ki gyara shi. Jiƙaƙƙen ganye kwana uku, ki kankare, ki sake. Ki zo mana da shi ran Asabar. In ya yi ɗanɗanon katako, ke za ki shanye fulas ɗin ke kaɗai muna kallo."

Nilda ta gyaɗa kai.

"Kwana uku?" in ji Yamandú. "Kwana uku ai wasa ne. Garwashi ake jefawa a ciki tukuna, a girgiza."

"Garwashi na masu zaƙi ne, jahili," in ji Zulma. "Mai man birki zai koya wa mutane gyaran ƙoƙo."

"Kakana da garwashi ya yi nasa, ya kai shekara casa'in."

"Ƙoƙon ko kakan?"

Suka kaure, kowa na jan Nilda ta shaide shi, Zulma na zana girman duma a iska, Yamandú na rantsuwa da kabarin mutanen da Zulma ta ce suna raye. Nilda na tsakiyarsu, takalminta na wari, tana cewa to, to, ga kowane ɓangare.

Ta gefen ido ta ga Don Heber ya jawo fulas daga kusa da ƙafarta. Ya zuba wa kansa, ya shanye har ƙoƙon ya yi ƙara. Bai miƙa wa kowa ba. Ya ɗan waiga ya ga ko ana kallonsa, Nilda ta yi maza ta mai da ido kan takalminta. Ya sake zubawa, ya sha wannan a hankali, ido a lumshe. Sannan ya miƙe, ya soke fulas ɗin Yamandú a hammata, ya riƙe ƙoƙon a ƙirji, ya bi ta bayan dakali ya kama hanyar gangara.